Tsohon da aka kora daga gidan Big Brother

Daren wata Asabar ne, kuran ya tafi, muna zaune a fada ana jiran shayi na biyu, sai wani kamarad ya miƙo mani wayarsa ya ce: «Kai mai son rubutu, dubi yadda Turawa ke yi wa mai faɗin gaskiya.» Guntun bidiyo ne da bai kai minti uku ba, an sa mashi fassarar Faransanci a ƙasa. Wani tsohon Bature ne, ƙato, mai yawan dariya, yana hira da wata mata. Can sai aka nuno shi zaune kan kujera cikin wani ɗan ɗaki, wata murya da ba a ganin mai ita tana gaya mashi zamansa a gidan ya ƙare. Wanda ya haɗa bidiyon ya rubuta a sama da manyan baƙaƙe cewa ga irin ƴancin faɗar albarkacin baki da Turai ke taƙama da shi.

Kafin a zuba shayin fada ta rabu gida biyu. Ni ban ce komai ba a daren nan, don ban san tsohon ba, ban san mi ya faɗa kafin wurin da aka yanko ba. Na sayi mega na jika guda washegari na bi labarin daga tushe. Abin da na samu shi nake son in ajiye a nan, don na ga bidiyon yana ta yawo a gurup-gurup ɗinmu na WhatsApp, kuma kusan duk wanda ya tura shi rabin labari ya sani.

Sunan tsohon Christopher Biggins, ɗan wasan kwaikwayo ne a Ingila, an fi saninsa da fitowa cikin kayan mata a wasannin dandamali da suke yi wa yara lokacin Kirsimeti. A 2007 ya ci wata gasar telebijin da ake kai shahararru daji a Ostareliya, don haka jama'arsu na son shi. Shirin da aka kore shi daga ciki shi ne Celebrity Big Brother, zagaye na 18, wanda tashar Channel 5 ta fara nunawa ranar 28 ga Yuli 2016. Ga wanda bai taɓa gani ba: ana tara mutane a gida ɗaya a rufe, babu waya, babu jarida, babu fita, kamera da makirfo na bin su dare da rana har ɗakin kwana. Masu kallo na jefa ƙuri'a ana fitar da su ɗaya bayan ɗaya har a bar mutum guda. Wani ɗan ƙasar Holan, John de Mol, ya ƙirƙiro shirin a 1999, sunan kuwa daga littafin George Orwell mai suna 1984 aka aro shi, inda Big Brother shi ne idon gwamnati da ba ya barci. Su dai suka ɗauki abin tsoro suka mai da shi abin nishaɗi, wannan ma zance ne na wata rana.

An fitar da Biggins ranar 5 ga Agusta, kwana tara da shigarsa, a lokacin da ake ganin yana cikin waɗanda za su iya cin gasar. Ba ƙuri'ar masu kallo ta fitar da shi ba, masu shirin ne da kansu. Abubuwa uku aka tara mashi. Na farko, cikin hira da wata Ba'amurkiya mai suna Renee Graziano, ya ce a ganinsa mafi muni su ne masu sha'awar maza da mata duka biyu, wai mutane ne da ba sa son su amsa cewa ƴan luwaɗi ne. Na biyu, ya yi wa wata abokiyar zamansu Bayahudiya, Katie Waissel, wasan baki da ɗakunan iskar guba da ƴan Nazi suka kashe Yahudawa a ciki. Wannan tashar ba ta watsa shi ba. Na uku, ya ce sida cuta ce ta masu sha'awar jinsi biyu, wai su suka je ƙasashen waje suka kwaso ta suka kai wa iyalansu a Amurka.

To ga abin da mai haɗa bidiyon ya ɓoye, ko bai sani ba: Biggins ɗin nan shi kansa ɗan luwaɗi ne, ba ya ɓoyewa, yana zaune da abokin zamansa namiji shekara da shekaru. Da na gaya wa kamarad ɗin nawa haka sai ya yi shiru, sannan ya ce: «Kai, haba? Ashe tsakaninsu ne.» Ya zaci ya samu wani dattijo mai kishin tarbiyya da aka zalunta, ashe rigima ce ta cikin gida. Na yi dariya, amma daga baya na ga wurin nan ne labarin ya fi nauyi.

Mu a Hausa muna da ɗan luwaɗi, muna da ƴar maɗigo, muna da ɗan daudu wanda ma'anarsa daban ce ko da yake mutane na cuɗa su. Amma wanda zuciyarsa ke karkata ga namiji ta karkata ga mace, wanda littattafan Faransanci ke kira bisexuel, ba mu da kalma guda da muke kiransa da ita, sai dai a yi ta kewaye kamar yadda nake yi a rubutun nan. A can inda suke da kalmar ma, halin da yake ciki irin na jemage ne a tatsuniya: tsuntsaye su ce yana da haƙori, dabbobi su ce yana da fiffike. Masu neman mata kawai suna ganinsa ɗan luwaɗi mai fakewa da aure. Ƴan luwaɗi da yawa, irin su Biggins, suna ganinsa matsoraci ko maƙaryaci. In mace ce kuma sai a ce yayi take bi, ko neman suna take, za ta daina. Kowane ɓangare ya yarda da abu ɗaya, cewa abin da mutumin ya faɗa game da kansa ba gaskiya ba ne. Kuma wannan magana ba a kan wasu mutane na nesa aka yi ta ba. A cikin gidan nan, a tukunya ɗaya da Biggins, akwai wata yarinya, Marnie Simpson, wadda a shekarar nan ta fito ta ce ita haka take.

Bari in tsaya in faɗi wani abu kafin wani ya ɗauki biro ya rubuta mani wa'azi a bayan takardar nan. Hukuncin addininmu a kan luwaɗi da maɗigo sananne ne, an karantar da ni kamar yadda aka karantar da ku, kuma ba fatawa na zauna bayarwa ba. Shirin telebijin nake dubawa, da yadda ya yi da maganar da aka yi a cikinsa. Sai dai in tuna mana cewa addinin da ya hana wancan shi ne ya hana ƙarya da ƙage, bai kuma ware wasu mutane ya ce su an halatta a yi masu ba.

Don maganganun Biggins uku ba irinsu ɗaya ba ne, kuma laifin farko da nake ganin shirin ya yi shi ne zuba su a kwando ɗaya. Ta farko ra'ayi ce. Ra'ayi ne mai raini, don wa ya buɗe ƙirjin wani ya ga abin da ke ciki? Amma dai ra'ayi ne, ana iya zama a yi gardama a kai. Ta biyu rashin kunya ce ga mutum a kan idonsa, wasa da gawar kakannin wani. Ta uku kuwa zance ne a kan tarihi da likitanci, wanda ko dai haka ne ko ba haka ba ne. Kuma ba haka ba ne.

Abin da masu bincike suka tabbatar shi ne ƙwayar cutar ta samo asali daga birin da ake kira shimpanze a kudu maso gabashin Kamaru, ta shiga jikin ɗan Adam tun farkon ƙarni na 20, ta bazu a Kinshasa wajen 1920, ta bi jirgin ƙasa da kogi da kasuwanci. Daga baya ta isa Haiti, daga can ta shiga New York wajen 1970. Sai a Yuni 1981 likitocin Amurka suka fara ba da rahoton cutar, a 1983 kuma aka gano ƙwayar a cibiyar Pasteur ta Paris. Tana bi ta jini, ta allura, ta nono da haihuwa, ta saduwa kowace iri. A nahiyarmu mafi yawan masu ɗauke da ita ta saduwar namiji da mace suka same ta. Abin mamaki, a Oktoba na wannan shekara ta 2016, wata biyu da ƴan makonni bayan korar Biggins, mujallar kimiyya ta Nature ta buga binciken da ya wanke wani ma'aikacin jirgin sama ɗan Kanada, Gaëtan Dugas, wanda aka shekara kusan talatin ana cewa shi ya kai cutar Amurka. Mutumin ya mutu tun 1984, bai ji an wanke shi ba.

Mu ma mun san wannan ɗabi'a ta neman wanda za a ɗora wa cuta. Duk wanda ya tashi a nan ya ji lokacin da ake cewa sida ta ƴan ci-rani ce masu dawowa daga Abijan da Legas, ko ta karuwai ce. Mun san matan aure da ba su taɓa fita ko ƙofar gida ba aka kore su daga ɗakinsu da sunan su suka kawo. Wanda ya yarda cewa cutar ta wasu ce, shi ne ba ya zuwa gwaji. Saboda haka in wani ya hau telebijin ya ce ta masu kaza ce, ba zagi kaɗai ya yi ba, ya ba wasu dalilin su kwanta da ita ba su sani ba.

To mi shirin ya yi da wannan ƙarya? Sanarwar da tashar ta fitar cewa ta yi Biggins ya yi maganganun da ke iya ɓata wa abokan zamansa da masu kallo rai ƙwarai. Ɓacin rai, shi ke nan dalilin. Ba a kore shi da sunan ya faɗi abin da ba haka ba, an kore shi da sunan ya faɗi abin da ba a so. Duk wanda ya ji haka, mi zai ɗauka? Zai ɗauka gaskiya ce mai ɗaci aka kasa haɗiyewa. Abin da kamarad ɗina ya ɗauka ke nan, shekaru bayan abin ya wuce, a wata fada ta Maradi mai nisan dubban kilomita da Landan. Korar ta yi tafiya har ta iso mana, gyaran maganar kuwa bai taso ba balle ya iso. Shirin da ke da kuɗin ajiye kamera a kowane lungu ba zai rasa minti biyu ya ce wa masu kallo ga yadda sida ta samo asali ba. Bai ga riba a ciki ba ne.

Wani abokinmu da ke karatun shari'a ya kawo hujja mai kyau a daren gardamar, kuma na yarda da rabinta. Ya ce ƴancin magana tsakanin mutum da hukuma yake. Ba a kama Biggins ba, ba a kai shi kotu ba, ba a ci shi tara ba. Ya sa hannu a kwantiragi da kamfani, dokokin gidan sun hana irin wannan magana, an gargaɗe shi, ya sake, aka ce ya tafi. Ya fita ya yi hira da jaridu, ya nemi gafara, ya ci gaba da sana'arsa. In baƙo ya zagi wani baƙo a zaurenka ka ce ya tashi, ka danne mashi haƙƙi? Haka ne. Har ma hukumar da ke sa ido kan kafofin watsa labarai a Ingila, Ofcom, da ta duba koke-koken da aka kai mata, ta ce tashar ba ta karya doka ba da ta watsa maganarsa a kan masu sha'awar jinsi biyu. Wato hukuma ba ta hana a ji maganar ba.

Inda na rabu da shi shi ne misalin zauren. Mai zaure ba ya gayyato mutane don su yi faɗa. Big Brother kuwa sana'arsa ke nan. Da gangan ake zaɓo waɗanda ba za su jitu ba, a hana su barci isasshe, a rage masu abinci in sun faɗi wasa, a ba su giya, a raba su da duk wani abin da zai ɗauke masu hankali, sannan a zauna ana jiran wanda bakinsa zai kubce. Daga awa 24 ana tace kamar awa ɗaya a nuna da dare. Ke nan akwai wanda ya zauna gaban na'ura ya saurari maganar Biggins ya ce wannan za ta ja mutane, a sa. Aka sa, aka yi ta surutu a Twitter, jaridu suka ɗauka. Bayan kwana kaɗan aka nuna korar, aka sake jan mutane. An sayar da laifin, an sayar da hukuncin, kuɗin duka aljihu ɗaya suka shiga. Wanda ya haƙa rijiya a bakin ƙofa ba ya cewa mai faɗawa ne kaɗai ya yi ganganci.

In kuna son ku gane mi ya sa suke saurin kora, ku koma Janairu 2007. A lokacin shirin yana tashar Channel 4, aka shigar da Shilpa Shetty, wadda duk mai kallon fim ɗin Indiya a garin nan ya sani tun Baazigar da Dhadkan. Jade Goody da wasu ƴan mata biyu suka sa ta gaba da cin mutunci, suna raina abincinta da harshenta da ƙasarta. Masu shirin suka bari abin ya yi ta tafiya don masu kallo na ƙaruwa. Koke fiye da 40,000 suka isa Ofcom, aka yi zanga-zanga a Indiya, Gordon Brown wanda yake ministan kuɗi kuma yana ziyara a can a lokacin sai da ya yi magana. Kamfanin sayar da wayoyi da ke ɗaukar nauyin shirin, Carphone Warehouse, ya janye. Ofcom ta samu tashar da laifi. Shilpa ce ta ci gasar a ƙarshe. Darasin da masu telebijin suka ɗauka daga nan, a ganina, na kuɗi ne: a bar wuta ta ci har ta yi haske, a kashe ta kafin ta kai rumbun mai talla.

Shi ya sa ma'auninsu ba ya tsayawa wuri ɗaya. A zagayen da aka kori tsoho saboda baki, wanda ya ci gasar shi ne Stephen Bear, saurayin da ya shafe makonni yana tsokana da tayar da hankalin abokan zama, aka yi ta gargaɗinsa ba a kore shi ba, don shi ne ke riƙe da masu kallo. A Maris 2023 wata kotu a Ingila ta ɗaure shi wata 21 saboda ya watsa bidiyon tsiraicin tsohuwar budurwarsa ba da yardarta ba. Ban ce masu shirin sun san gaibu ba. Na dai ce abin da suke aunawa ba cutarwa ba ce.

Akwai zagaye guda da nake ganin ya nuna ana iya yin abin ta wata hanya, shi ne na Janairu 2018. An haɗa Ann Widdecombe, tsohuwar ƴar majalisa, ƴar Katolika mai tsauri da ta daɗe tana adawa da auren jinsi, da Shane Jenek, ɗan Ostareliya da ke fitowa cikin shigar mata da sunan Courtney Act. Ba su yarda da juna ba, ba kuma su ɓoye ba. Ta faɗi nata, ya amsa mata, ya yi mata tambayoyi, wani lokaci fuska ta ɓaci, washegari kuma a zauna teburi ɗaya. Ba a kori kowa ba. Shi ya zo na ɗaya, ita ta zo ta biyu, kuma masu kallo ne suka kai su can. Wanda ya kalli wannan ya ji hujjar kowane ɓangare daga bakin mai ita. Wanda ya kalli na Biggins ya ji zargi, ya ga an rufe ƙofa, bai ji amsa ba.

Sauran magana ta gida ce, kuma ita ce ta fi sosa ni. A 2024, da hukumomin ƙasarmu suka dakatar da nuna The Bachelor a Canal+, wannan kamarad nawa mai kukan an toshe bakin Biggins shi ya fi kowa tafi a fada. Ni ma shirin bai burge ni ba, mata ashirin a jere ana miƙa masu fure kamar ana zaɓen tumatir a kasuwa. Amma na tambaye shi: «Malam, jiya ka ce a rufe, yau ka ce don mi aka rufe. Ƴancin nan na kowa ne, ko na wanda ya faɗi abin da kake so ne kawai?» Ya ce ai wancan tarbiyya ce. Na ce su ma masu Channel 5 abin da za su ce ke nan da harshensu. Sai na ƙara mashi wata: da a ce Marnie Simpson ce ta zauna a kujerar nan ta ce ita ga yadda take, aka kore ta, za ka tura mana bidiyon da wannan rubutu a sama? Ya ce in bar kawo misalin da ba shi da kai.

Na san cikin masu karanta takardar nan akwai wanda zai ce mi ya haɗa mu da rigimar Turawa. Ba mu muka je ba, ita ta zo, ta cikin waya, an yanke mata kai da ƙafa, an liƙa mata take. Gobe wata za ta zo. Na tura wa gurup ɗin abin da na samu a kan Biggins da tarihin sida, saƙo mai tsawo da na ɓata rabin dare ina rubutawa. Mutum biyu suka sa alamar yatsa. Bidiyon kuwa, a ranar nan kaɗai, na sake ganinsa a gurup uku, har da na ƴan ajinmu na lise, inda wanda ya tura ya rubuta a ƙasa cewa wani fasto ne aka kora saboda wa'azi.